Warzazat, Inda Fir'auna Ke Jingine da Katako

Taron da ya kai ni Kasabalanka na kwana uku ne. An yi jawabai, an sha shayi, an ɗauki hoto, an watse. Abin da ya hana ni juyowa gida nan take wata tambaya ce da na taso da ita tun daga Kano. Ƙanina yana harkar fim, shi ne mai nemo kaya. In labari ya buƙaci alkyabba, ko tsohon akwatin rediyo, ko tukunyar boka, shi ake turawa. Duk abin da ya kawo na aro ne ko na haya, kuma ran da aka tashi daga lokeshin yakan bi gida-gida yana mayarwa, yana ba da haƙuri kan abin da ya fashe. Na sha tambayarsa, to su waɗanda ke gina gari sukutum saboda fim ɗaya, in sun gama ina suke kai garin? Da ya ji zan tafi Maroko sai ya ce, "Yaya, ga dama ta samu. Ka gano mana."

Na hau jirgin ƙasa zuwa Marakesh, tafiyar kusan awa uku, inda ɗan yayata da ke karatu a can ya tare ni a tasha. Tun kafin mu fita ya gargaɗe ni: "Kawu, Larabcin Islamiyya ba zai saya maka ko burodi ba a nan, ka bar mini magana." Ban yarda ba sai da na gaida direban tasi da cikakkiyar fusaha, ya waiwayo yana dariya, ya tambayi yaron ko a gidan rediyo nake karanta labarai. Washegari da sassafe muka yanki tikitin bas zuwa Warzazat, garin 'yan fim, kusan dirhami 100 kowane mutum. Dirhami 10 kusan dala ɗaya ce. A kwana na biyu na daina juya kuɗin zuwa naira, don duk lissafin da na yi sai shayin da ke gabana ya fita raina.

Muna barin gari na tuna cewa a kusa da Marakesh ɗin nan ne Mustafa Akkad ya gina kwatankwacin Makka a 1974 don fim ɗin Ar-Risala, kafin a matsa masa lamba ya kwashe ma'aikatansa ya ƙarasa aikin a Libiya. Mu da muka kalli fim ɗin a kaset muna yara, mun ɗauka a Hijaz aka yi shi.

Tsakanin Marakesh da Warzazat kilomita kusan 200 ne, bai kai Kano zuwa Kaduna ba, amma ya ci mana awa huɗu da wani abu, saboda sai an haye duwatsun Atlas ta mashigar Tizi n'Tishka mai tsayin mita 2,260. Da muka fara hawa yaron mota ya bi layi yana raba baƙar leda. Na ɗaga masa hannu alamar ba na buƙata. Ni da na sha hanyar Jos, wace kwana ce za ta ba ni tsoro? Bayan rabin awa ni na kira shi da kaina. Hanyar tana nannaɗewa ne kamar rawani, ka leƙa taga ka hango motar da ke bayanku a can ƙarƙashin ƙafarka. Wata tsohuwa da ke gefenmu ta ɓare lemo, ta miƙo mini ɓawon ta nuna in riƙa shaƙa. Ba mu jin yaren juna, amma har muka sauka tana leƙo ni tana addu'a.

An tsaya cin abinci a wani ƙauye da ake kira Taddart, wanda ya tuna mini Kwanar Ɗangora. Bambancin, a nan kai za ka je wurin mahauci ya auna maka nama, ka kai wa mai gashi, ka biya kowa nasa. Muka ci tajin na dirhami 50, wato naman da aka turara da dankali da karas a kaskon ƙasa mai murfi kamar malfa, ana ɗiba da burodi. A bakin hanya kuma samari na tallar duwatsu da aka fasa biyu, cikinsu na ƙyalli, ja jawur da shuɗi da kore. Na ɗauki ɗaya ina yabon ikon Allah, ɗan yayata ya jiƙa yatsa da yawu ya goga, jan ya biyo yatsan. Dutsen na gaske ne, launin na kanti. Da haka ƙasar fim ta fara yi mini maraba.

Ana gangarowa ɗaya gefen komai ya bushe. Dusar ƙanƙara tana kan duwatsu a bayanmu, gabanmu fili ne ja fetal, sai can nesa hasumiyar tashar lantarkin hasken rana ta Nur tana haske kamar an kafa tauraro a kan sanda. Allunan hanya da rubutu iri uku: Larabci, boko, da kuma tifinag, rubutun nan mai da'ira da ɗigo da ake gani a wurin Buzaye a Agadas. Yawancin mutanen yankin Amazigawa ne, dangin Buzaye ta harshe, kuma masana na cewa kalmomi irin su raƙumi da azumi da takarda daga bakin wannan dangi suka shigo Hausa.

Mun sauka a wani ƙaramin gidan baƙi, dirhami 200 a kwana har da karin kumallo: burodi, man zaitun, zuma, da shayin na'ana'a da ake tsiyayowa daga sama har ya yi kumfa. Mai gidan bai tambaye ni ko na je Makka ba, ya dai ɗora mini "Si Alhaji" tun daga ƙofa. Sanyin dare kuwa, hunturunmu wasa ne. Bargo uku na lulluɓa da safa a ƙafa. Abin da ya ɗebe mini baƙunta shi ne masallacin unguwa. Bayan magariba dattawa suka zauna da'ira suna karanta hizifi baki ɗaya, da ruwayar Warshu, irin karatun da na tashi da shi a tsangaya. Na matsa na shiga sahu, babu wanda ya dube ni sau biyu.

Sansanin fim na Atlas yana wajen gari, tafiyar kilomita biyar. Wani ɗan kasuwa mai suna Muhammad Balgami ne ya kafa shi a 1983. Gumakan Misira ke gadin ƙofa, kuɗin shiga dirhami 80, kuma ba a shiga sai da ɗan jagora. Abu na farko da muka tarar a tsakar fili jirgin yaƙi ne, saura daga fim ɗin The Jewel of the Nile na 1985. Daga nesa sai ka ce yanzu zai tashi. Da na matsa sai na ga fentin ya tattashi kamar faso, kuma ba inji a cikinsa.

Daga nan muka shiga fadar Fir'auna. Zan faɗi gaskiya, ta cika mini ido: matakala masu faɗi, ginshiƙai da mutum uku ba za su rungume ɗaya ba, zane-zanen tsuntsaye da idanu daga ƙasa har sama. Ɗan jagoran, wanda da alama ya yi wannan wasan sau dubu, ya bar mu muka gama mamaki, sannan ya ce in ƙwanƙwasa ginshiƙin. Na ƙwanƙwasa. Ƙarar ƙwarya ya yi. Ya nuna wani ƙaton dutse a gefe, irin wanda bayi ke ja da igiya a fim, ya ce in gwada. Na gyara tsayuwa, na yi bisimilla, na sunkuya da dukan ƙarfina, dutsen ya taso har na kusa faɗuwa da baya. Farin soson nan ne da ake naɗe sabon firji da shi, aka sassaƙa aka shafe da farar ƙasa irin ta silin, aka yi masa fenti.

Sai ya zaga da mu ta baya, inda kyamara ba ta zuwa. A nan na daɗe. Fadar ba ta da baya sam. Fuska ce kawai, falankai ne aka jera aka tokare da dogayen katakai da bututun ƙarfe, an danne ƙafafunsu da buhunan yashi. Ƙusoshi sun yi tsatsa, tattabaru sun yi sheƙa daidai bayan kan Fir'auna, kuma a jikin wani falanki kafinta ya bar lissafin awonsa da fensir. A inda farar ƙasa ta ɓantare ana ganin fenti hawa-hawa, rawaya a kan ja a kan toka. Ɗan jagoran ya ce kowane launi fim ne. Wanda ya zo daga baya ba ya rushewa, hayar wurin yake yi, ya sauya ƙofa, ya ƙara baranda, ya shafa nasa launin. Lungu ɗaya ya yi kasuwar Rum, ya yi Baitalami, ya yi wani gari a Afganistan. A gaba kaɗan ga haikalin Tibet da aka gina wa Kundun na Martin Scorsese, fim ɗin 1997 kan Dalai Lama, da ja da ruwan zinariya, a tsakiyar hamadar Afirka.

Dalilin barin kayan ba ƙauna ba ce. Rushewa da kwashewa kuɗi ne, kamfanin da ya gama aikinsa kuwa sauri yake ya tafi. Barin ya fi masa arha, mai fili kuma ya samu abin ba da haya da abin nuna wa baƙi. Sauran aikin yanayi ke yi. Ruwan sama kaɗan ne a Warzazat, don haka soso da farar ƙasa sai su shekara ashirin a tsaye. Na ƙiyasta a raina a kafa wannan fada a bayan Bagauda: damina ɗaya ta jiƙa ta, gara ta hau katakon, kafin damina ta biyu awaki na kiwo a kan Fir'auna.

Ba ko'ina ake bari ba. Cecil B. DeMille, da ya gama The Ten Commandments a 1923, binne birninsa na Misira ya yi a ƙarƙashin yashi a Kalifoniya, kuma a 2017 sai ga masu haƙar kayan tarihi suna tono kan gunkin farar ƙasa da burushi, a hankali, kamar wanda ya shekara dubu uku. Ƙananan kaya kuwa makomarsu ta danganta da wanda ya taɓa su. Abin da jarumi ya riƙe ko ya sa, shi ke tsallaka teku ya shiga gwanjo. Da kamfanin MGM ya yi gwanjon kayansa a 1970, an sayi jan takalmin yarinyar The Wizard of Oz dala 15,000. Wani takalmin daga wannan fim ɗin an buga masa ƙararrawa a kan dala miliyan 28 a 2024. Amma takubban sojoji ɗari biyar da ke bayan jarumin, da garkuwoyinsu na roba, da tuluna da kekunan doki, waɗannan sito ake zubawa su jira fim na gaba. Na ga irinsu a gidan tarihin fim da ke cikin gari, daura da tsohuwar fadar Taurirt ta gidan Galawi: karagar mulki mai ƙura, kurkuku mai sarƙar da yaro zai iya tsinkawa.

Da rana muka ƙara kuɗi aka kai mu Ƙudus. Ridley Scott ne ya sa aka gina ta a fili don Kingdom of Heaven na 2005, labarin yadda Salahuddin Ayyubi ya karɓi birnin a 1187. Daga nesa ganuwa ce ta sosai, da hasumiyoyi da ƙofar gari. A ciki babu kowa sai iska, tana kaɗa wani falanki da ya saki yana bugun ɗan'uwansa. Azahar ta same mu a can. Muka yi alwala da ruwan gora, muka shimfiɗa rigunan sanyi a inuwar ganuwar muka yi ƙasaru. Muna sallamewa yaron ya ce, "Kawu, don Allah kar ka je gida ka ce ka yi salla a Ƙudus."

Kwana na biyu muka yi shatar tasi wuni guda, dirhami 400 bayan ciniki mai tsawo. Direban ya fara karkatawa da mu kan hanyar Agadir don mu ga wani gidan mai da aka gina wa fim ɗin ban tsoro, The Hills Have Eyes na 2006. Allunan Turanci, tsofaffin motocin Amurka sun yi tsatsa, famfon da bai taɓa zubar da ɗigon mai ba. Ya rantse mana cewa yakan ga baƙi sun tsaya da mota suna neman a zuba musu.

Ait Bin Haddu kilomita talatin ne daga Warzazat, kuma shi garin gaske ne. Gidajen jar ƙasa ne suka hau jikin tudu, wani a kan kafaɗar wani, kowanne da hasumiya a kusurwa mai kama da zankon gidajenmu, rufin da itace da kara kamar yadda muke yi da azara. A da zango ne na ayarin da ke tasowa daga Sahara zuwa Marakesh. Yawancin mutanensa sun ƙaura tsallaken kogi inda akwai hanyar mota, gidaje kaɗan suka rage a ciki. An ɗauki wani ɓangare na Lawrence of Arabia a nan, haka ma Game of Thrones. Amma tun da UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, 'yan fim ba sa cin karensu babu babbaka. Filin dagar da aka gina wa Gladiator a gindin tudun, inda Russell Crowe ya fara kashe mutane don 'yan kallo, an kwashe shi bayan an gama. Wani saurayi ya tsaya da mu a wurin, fili ne kawai da tsakuwa, ya buɗe wani littafin hotuna da ya sha hannu, yana ɗaga hoto yana daidaita shi da tudun don mu ga inda komai ya tsaya. Sana'arsa ke nan, nuna abin da babu. Na ba shi dirhami 20 ban yi ciniki ba.

A saman tudun, wajen tsohon rumbun gari, na ga magina biyu suna cuɗa ƙasa da ƙaiƙayi suna yaɓe bango. Ginin gaske shi ke neman hannu kullum. Nan zuciyata ta koma ganuwar Kano, da yadda ake yankarta ana kafa shaguna. A 2016 an yi ta cacar baki kan ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa, har aka fasa. Ba zan tayar da wannan rigimar ba, kowane ɓangare yana da abin faɗa. Abin da ya tsaya mini kawai shi ne mutanen nan suna karɓar kuɗin ƙofa a kan ganuwar soso, mu kuwa tamu ta ƙasa mai ɗaruruwan shekaru ko mai gadi ba ta da shi.

Ranar Juma'a mai masaukinmu ya ce ba za mu ci abincin kasuwa ba, ya kai mu gidan mahaifinsa. Aka kawo kuskus a faranti ɗaya, ɗan'uwan burabuskonmu ne amma ya fi laushi, da kabewa da nama a tsakiya, da kofunan nono a gefe. Dattijon yana ta turo naman gabana da yatsa. Gemunsa fari fat har ƙirji, na ɗauka malamin unguwa ne. Ashe ɗan cika taro ne a fim, shekara talatin yana yi. Ya bi Annabi Musa cikin hamada, ya yi bafaden Fir'auna, ya yi ɗan kasuwar Ƙudus, ya yi ɗan tawaye da bindigar roba. Ya ce an kashe shi ya fi sau goma, kuma mutuwa ta fi tsayuwa wahala, don sai ka kwanta a rana ba motsi har darakta ya gamsu. Finafinan da yawa bai taɓa kallonsu ba. Gemun kuwa jari ne: masu ɗaukar mutane suna ajiye hotonsa, in ya aske ya fita daga layi. Matarsa ta leƙo daga ƙofa ta faɗi wata magana aka kwashe da dariya. Yaron ya fassara mini, wai ta ce shekara biyu ke nan ba a kira shi ba, gemun ci kawai yake ba ya kawowa.

Dattijon ya dube ni da kyau, ya ce da zan zauna da na samu aiki cikin mako guda, don kullum ana neman baƙaƙe dogaye. Na tambaya, a wane matsayi? Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Mai gadin fada, Si Alhaji. Ko bawa." Shi ma fatarsa ba ta fi tawa haske sosai ba. A kudu da nan, a Zagora, akwai allon da ke cewa kwana 52 ne zuwa Tumbutu a kan raƙumi, kuma ba gishiri da zinariya kaɗai ayarin suka riƙa ɗaukowa ba. Ba wanda ya ƙara magana a kai. Ya tura mini sauran naman.

Da za mu fita ya ja ni bayan gida ya nuna mini akurkin kajinsa. Ƙofar wani falanki ne mai zanen ido da tsuntsu, an yanke shi daidai wuyan tsuntsun. Ya ce wani kamfani ne ya rushe kayansa ya ce kowa ya ɗiba, unguwar gaba ɗaya ta fita da amalanke. Wasu sun yi rufi, wasu sun yi makarin awaki, abin da ya rage aka yi girki da shi.

A komowa na karɓi leda tun kafin a miƙo. A aljihun jakata akwai ɓallin farar ƙasa mai shuɗin fenti da na tsinta a ƙasa a bayan fadar Fir'auna, tsarabar ƙanina. Kafin in iso Kano ya zama gari, ya ɓata mini farar riga. Na same shi ya dawo daga mayar da wata alkyabba, mai ita ya riƙe masa kuɗi saboda kwalliyar jaruma ta taɓa wuyan. Na ba shi waya yana duba hotuna. Ginshiƙai da gumaka wucewa ya yi da yatsa da sauri. Da ya zo kan hoton bayan fadar sai ya tsaya, ya buɗa shi da yatsu biyu, yana bin katakan ɗaya bayan ɗaya yana motsa baki.

"Yaya," ya ce, "wannan katakon duka, barinsa suka yi suka tafi?"